Jirgin Da Ya Sa Rigar Wani

Yau tarihin wani tsohon jirgin yaƙi na kawo muku, mai suna Fokker D.VII, wanda Jamus ta fito da shi a 1918, ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya addabi abokan gabarta sosai, har yarjejeniyar tsagaita wuta ta 11 ga Nuwamba 1918 ta ambace shi da suna, cewa dole Jamus ta miƙa duk wanda ke hannunta. An ƙera kusan 3,300, amma na asali da suka rage ba su kai goma ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masana ke gane asalin kowane ɗaya. Gangar jikin jirgin bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, fukafukansa katako, sannan aka lulluɓe shi da yadi. To yadi yana ruɓewa, fenti kuma kowa na iya shafawa. Shi ya sa suke bin lambobin da ke jikin ƙarfe da katako, da kuma hannun maƙera, domin masana'antu uku ne suka ƙera shi: Fokker, da Albatros, da OAW, kuma kowace da irin yadda take huda murfin inji.

Ku dubi wanda ya daɗe a gidan tarihi na Deutsches Museum da ke Munich. Sojojin Amurka ne suka tsince shi a wani rumbun gona a garin Vilsbiburg bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shekara da shekaru ana nuna shi da fenti da tambarin sojan Jamus. Da aka zo gyaransa, sai ga tambarin Holan a ƙarƙashin fentin. Ashe sojojin ruwan Holan ne suka yi aiki da shi, kuma Jamus ta mamaye ƙasar a 1940. Nan magana ta tashi daga ta fenti ta koma ta haƙƙin mallaka. A 2025 aka kai shi aro gidan tarihin soja na Soesterberg a Holan. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Akwai kuma wani a ƙaramin garin Knowlton na Kanada, mai lamba 6810/18, wanda ke can tun farkon shekarun 1920. Yadinsa na asali na nan, ya koɗe ya tsufa, amma a wurinsa masu gyara ke duba ainihin launin yadin wancan zamani.

Ni a ganina, mai gyaran da ya kankare tsohon fenti ba tare da ya rubuta abin da ya tarar ba, shaida ya kashe, komai ƙyallin da jirgin zai yi. Da an yi wa na Munich haka, wa zai san ya taɓa zama a Holan?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.