Tarihin Tsawon Rai a Ƙasar Zamfara: Misali daga Talata Mafara da Bakura da Maradun

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda tsawon ran jama'a ya riƙa canzawa a wannan yanki tun daga zuwan Turawa, a kuma duba dalilan da suka sa haka. Amma tilas ne a fara bayyana abin da masana ƙidayar jama'a ke nufi da matsakaicin tsawon rai, domin sau da yawa akan yi masa mummunar fahimta. Idan aka ce a shekarar 1960 matsakaicin tsawon ran ɗan Nijeriya bai wuce shekara 37 ba, ba ana nufin a wannan shekarun mutane ke mutuwa ba. Alal misali, a ce an haifi yara huɗu, ɗaya ya rasu cikin zanen goyo, sauran ukun kuwa kowanne ya kai shekara 60, to matsakaicinsu shekara 45 ke nan. Saboda haka mutuwar ƙananan yara ita ce ke jan wannan adadi ƙasa, kuma ita ce ginshiƙin bayaninmu.

A zamanin En'e, lokacin da waɗannan garuruwa ke cikin Lardin Sakkwato, yunwa da annoba su ne ke yanke hukunci. Hasali ma da su tsofaffi ke lissafin shekarunsu. Akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da murar Marisuwa ta 1918, sa'an nan da yunwar 1942 wadda aka laƙaba wa suna 'Yar Gusau, saboda can jama'a suka dinga kwarara neman hatsi. Ban da waɗannan, ga agana da ƙyanda da sanƙarau masu zuwa da rani, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ba ya fashin damina. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki, cikin Jihar Kano ta wancan lokaci, daga 1969 zuwa 1976, ya tarar kusan jariri ɗaya cikin huɗu ba ya cika shekara. Garki dai ba Zamfara ba ce, amma yanayin ƙasa da sana'a da cimar duk kusan ɗaya ne.

Sauƙi na farko ya zo ne ta hanyar lamba. An fara gagarumin yaƙi da agana a Afirka ta Yamma a 1967, kafin ƙarshen 1970 kuwa cutar ta ɓace daga Nijeriya. Wannan, tare da yaɗuwar ɗakunan shan magani da hanyoyin mota masu kawo hatsi in an yi fari, shi ya ɗaga matsakaicin ƙasar zuwa wajen shekara 46 a 1980, duk da farin 1972 zuwa 1974.

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a wannan tsakani aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978, da niyyar shayar da dubban kadada a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. A kan takarda, noman rani na nufin abinci sau biyu a shekara, abinci kuwa na nufin yaro mai ƙarfin jure ƙyanda. Amma abin da ya auku ya fi haka sarƙaƙiya. Tafkin ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka hana manoma shuka na wani lokaci ana gyaran filaye, rigimar diyya kuma ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoma cikin watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka masu yawa. Mutanen da ke gangaren gulbi kuwa, ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Bugu da ƙari, ruwan da ke kwance a magudanai yakan ba sauro wurin hayayyafa har cikin rani, ya kuma raya dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. A ganina, kuskuren shi ne an auna nasarar aikin da buhunan shinkafa da alkama, ba a taɓa auna ta da yawan yaran da suka kai yaye lafiya ba.

Daga 1980 zuwa ƙarshen ƙarnin adadin ƙasar ya tsaya cik. Rigakafin yara ya bunƙasa zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, sa'an nan ya durƙushe. A 1996, shekarar da aka cire Jihar Zamfara daga Sakkwato, sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan-inna. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, a 2017 kuma sanƙarau ya dawo, Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta matsakaicin Nijeriya wajen shekara 54 a 2023, amma wannan adadi na ɓoye bambancin yankuna. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, alhali a Kudu maso Yamma 62 ne.

Abin da ya shigo daga baya shi ne ta'addancin 'yan bindiga. Sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu na 2021, da harin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agusta, da na makarantar Kaya ta Maradun a Satumba, su duniya ta ji. Amma ɓarnar da ta fi taɓa lissafinmu ba ta shiga labarai: gonar da ba a nome ba, da ɗakin shan maganin da ma'aikaci ya gudu ya bari, da mai naƙudar da ba a iya fita da ita cikin dare.