Murya da Aska: Lallashin Yaro a Hannun Wanzami da Likita a Ƙasar Tambuwal

Masu rubuta tarihin magani a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga saiwa da sassaƙe da rubutun sha, sa'an nan ga zuwan asibiti. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da kunnen yaro yake ji a daidai lokacin da aska ko allura take taɓa jikinsa. Tambayar kuwa ba ƙarama ba ce, domin yaron da aka firgita a wurin allurar farko, da wuya uwarsa ta kai shi ta biyu cikin daɗin rai. Wannan lacca za ta bi sawun sautin nan a ƙasar Tambuwal da Kebbe, ta nuna cewa aiki biyu yake yi tun asali, kuma ɗaya daga cikinsu ne kaɗai ya cancanci sunan lallashi.

Tambuwal tana kudu da Sakkwato a kan hanyar Jega, kuma ribaɗi ce ta zamanin jihadi inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Wannan asali yana da nasaba da batunmu. A cikin Kitab al-Farq Shehu ya soki sarakunan Haɓe a kan shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana, ya yarda da buga tambari don wata manufa ta shari'a, alal misali tara runduna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Wato gari ne da ya tashi a inuwar malamai masu girmama ilmin magani, masu taka-tsantsan da ganga. Saboda haka wanda yake neman sautin da ake kwantar wa yaro hankali da shi, kada ya neme shi a ƙofar fada. Cikin gida zai shiga, wurin mata.

A makon farko na rayuwarsa jariri yake haɗuwa da wanzami. Yakan zo da zabirarsa ya yi aski, ya yi tsagar gado idan gidan masu yi ne, ya kuma cire belin wuya, wanda wasu ke kira hakin wuya. Abin lura shi ne wanda yake riƙe da yaron. Mai jego ba ta cika zama a wurin ba, balle idan ɗan fari ne, wanda kunya ta hana ta nuna masa ƙauna a gaban jama'a. Kaka ce, ko goggo, ko ungozoma, take ɗora shi a cinya. Da zarar an gama sai ta rungume shi, tana jijjiga shi, tana bubbuga bayansa a hankali, tana rera waƙar reno da murya ƙasa-ƙasa, kafin a miƙa shi ga nono. Waƙar reno gajera ce, amo ɗaya take maimaitawa, kalmominta kuma sau da yawa alkawura ne da kirarin dangi waɗanda jaririn bai san ma'anarsu ba. Ba ma'anar yake bukata ba. Abin da yake isa gare shi shi ne murya da ɗumin jiki da jijjiga, duka uku a kan kari guda. Tsofaffin likitocin Musulunci sun san da wannan. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambata a littafinsa al-Ƙanun cewa jijjiga mai taushi da waƙa mai daɗi suna cikin abubuwan da ke gyara halin jariri.

Kaciya, ko shayi, wani al'amari ne dabam. A da akan jira yaro ya kai shekara bakwai ko kusa da haka, a tara su da yawa a lokacin sanyi, don an lura miki ya fi saurin warkewa. A nan ma akwai sauti, amma irinsa ya sauya. Maza ne suke riƙe yaron, suna kiran sunan ubansa da kakansa, suna tuna masa cewa namiji ba ya kuka, mata kuma daga cikin gida suna iya rangaɗa guɗa. Wannan zuga ce. Manufarta yaro ya daure, idan ma ya kasa, hayaniyar ta danne kukansa kada waɗanda suke jira su tsorata. Zuga tana iya sa yaro ya cije leɓe, amma ba ta sauke bugun zuciyarsa. Ɓoye tsoro take koya masa. (Dattawa da dama da ke gudun allura har tsufa, watakila a nan suka fara karatun.) Masu yabon al'ada ido rufe sukan haɗa zuga da lallashi su kira su hikima ɗaya, alhali ɗaya don yaron ake yin ta, ɗayar don masu kallo.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sannu a hankali disfensarin En'e ya isa manyan garuruwa, da malamin asibiti da mai lamba. Babban sauyi ya zo a 1967, lokacin da aka soma gangamin kawar da agana da rage baƙon dauro a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka. An yi aiki da wata bindigar lamba wadda ake takawa da ƙafa, mai iya yi wa ɗaruruwan mutane a sa'a guda. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100, a 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma aka bayyana ƙarewarta a duniya. Nasara ce da babu mai musun ta. Amma ta fuskar kunnen yaro, mai shela da hakimi sun tara jama'a, an ja layi, kukan na gaba yana shiga kunnen na baya, ba kuwa lokacin rera waƙa. Tsarin layi ya zauna a asibitocinmu, tare da tsawar ma'aikaci da aiki ya yi wa yawa.

Kada a ɗauka likitocin Turai sun riga kowa gane wannan. Har cikin shekarun 1980 da yawansu suna ganin jariri sabon haihuwa ba ya jin zafi sosai, ana ma yi wa wasu fiɗa da ɗan abin kashe zafi kaɗan ko babu. Binciken Anand da Hickey na 1987 yana cikin waɗanda suka rushe wannan zato. Daga baya aka shiga gwada sauti. A 2013 an buga sakamakon wani gwaji a asibitin yara na Edmonton a Kanada, a kan yara 42 'yan shekara 3 zuwa 11 da ake sa wa allurar ƙarin ruwa: waɗanda aka kunna wa kiɗa sun fi samun sauƙin zafin, ma'aikata kuma sun fi samun sauƙin aikin. A shekarar dai wani binciken a Amurka, a kan bakwaini 272, ya nuna waƙar reno da aka rera da baki tana rage gudun bugun zuciya, tana kuma taimaka wa tsotso. Dalilin bai da wuyar fahimta. Hankalin yaro ba ya ɗaukar abubuwa da yawa a lokaci guda, tsoro kuma yana ƙara wa zafi ƙarfi. Muryar da ya sani tana janye hankalin, tana rage tsoron. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a bar mai reno ta riƙe yaro lokacin riga-kafi, a shayar da jariri, a kuma ɗauke hankalin 'yan ƙasa da shekara 6 da wasa ko hira ko kiɗa.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Waƙa ba ta maye gurbin allurar kashe zafi a wurin kaciya ko ɗinki, kuma ba ta taɓa hana jini zuba ko cuta shiga miki ba; cire belin wuya aiki ne da likitanci bai ga amfaninsa ba, ya kuwa ga ɓarnarsa, komai daɗin muryar kakar da ta riƙe yaron. Abin da ya dace ma'aikacin lafiya a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe ya ɗauko daga tsohon tsari ɓangaren matan ne: a zaunar da mai reno, yaro yana cinyarta, a ce ta fara waƙar kafin a buɗe allura, ba bayan kuka ya ɓarke ba, a kuma nisanta masu jira daga ƙofar ɗakin. Idan uwa matashiya ce ta zo da ɗan fari, kunya ta ɗaure mata baki, sai a tambaya ko kakar tana waje.