Yadda Manhajojin Tsaron Kwamfuta Biyu Suka Koma Ɗaya

Wanda ya ajiye kwamfuta a gida a farkon shekarun 2000 zai tuna lokacin da manhajar tsaro ɗaya ba ta wadatarwa. Akwai ta kashe bairos, akwai kuma ta korar masu leƙen asiri, kowacce da aikinta. Wannan rabuwa tana da tarihi, kuma kasuwa da kotu suna da hannu a cikinta.

Bairos ne ya riga zuwa. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, wanda ke bin faifai daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Shekara guda bayan haka John McAfee ya fito da VirusScan a Amurka. Manhajojin wancan zamani tamkar maigadi ne da aka miƙa wa hotunan ɓarayi: wanda ya dace da hoto a kama shi, wanda ba a san fuskarsa ba ya wuce.

Da intanet ta shiga gidaje a ƙarshen shekarun 1990, sai ga wani baƙo da maigadin bai san yadda zai yi da shi ba. Ba ya lalata fayil, ba ya hayayyafa. Yakan shigo ne maƙale da manhajar kyauta, irin su Kazaa ta sauke waƙoƙi, ya zauna shiru yana rubuta shafukan da mutum ke ziyarta, yana watso masa tallace-tallace har kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. Masu shi kuwa kamfanoni ne masu rajista, da ofisoshi da lauyoyi. Hujjarsu ita ce mai kwamfutar da hannunsa ya danna amincewa da doguwar yarjejeniyar da bai karanta ba. A nan gizo ke saƙa. Kamfanin Gator ya kai shafin PC Pitstop kotu a 2003 saboda ya kira manhajarsa ta leƙen asiri. Kamfanin Zango ma ya yi ƙarar kamfanin riga-kafi na Kaspersky a 2007, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar wa Kaspersky gaskiya. Ba abin mamaki ba ne da manyan kamfanonin riga-kafi suka yi ta jan ƙafa.

Ƙananan masu rubuta manhaja ne suka toshe wannan giɓi, kuma a ganina sun cancanci yabo, don yawancinsu kyauta suka bayar. Steve Gibson ya fitar da OptOut a 2000. Lavasoft ya zo da Ad-Aware, wani Bajamushe mai suna Patrick Kolla kuma ya rubuta Spybot. Su kan leƙa inda riga-kafin bairos ba ya dubawa: saitin burauza, rajistar Windows, da abubuwan da ke tashi da kansu idan an kunna kwamfuta.

A Disambar 2004 Microsoft ya sayi kamfanin GIANT, ya mayar da manhajarsa Windows AntiSpyware, wadda daga baya ta zama Windows Defender. A kan Windows Vista aikinta korar masu leƙen asiri ne kawai; sai a Windows 8, a 2012, ta zama cikakken riga-kafi. Su ma ɓarayin sun riga sun rushe iyakar. Zeus, wanda ya bayyana a 2007, yana naɗar abin da mutum ke bugawa a madannai don sace lambobin sirrin banki. Shin bairos ne ko ɗan leƙen asiri? Duka biyun. Shi ya sa aka koma ga suna guda mai faɗi, muguwar manhaja, kuma duk riga-kafin kirki na yau yana farautar su gaba ɗaya.

Mai kwamfuta a gida, ka bar Defender a kunne, ko wani riga-kafi ɗaya da ka yarda da shi. Kada ka haɗa biyu masu gadi a lokaci guda, karo suke yi su nauyaya na'urar. Irin su Malwarebytes na kyauta sai a ajiye don bincike jefi-jefi. Kuma kada ka bari mai gyara ya kashe maka sabuntawar Windows don tsimin data. WannaCry, wanda ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017, ya bi ne ta ƙofar da Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris na shekarar.