Komawa Gainesville: Yadda Less Than Jake Suka Nemo Sautinsu na Da

A watan Yunin 2008 wata ƙungiyar mawaƙa daga jihar Florida ta Amurka, Less Than Jake, ta fitar da faifai mai suna GNV FLA. Haruffa ukun farko alamar filin jirgin saman Gainesville ce, garin da ƙungiyar ta taso a 1992, ukun ƙarshe kuwa gajeren sunan jihar ne. Masoyansu sun gane saƙon tun kafin su saurari waƙa ko ɗaya: mutanen nan cewa suke sun dawo gida. Abin tambaya shi ne ina suka tafi, kuma me suka tarar da suka dawo.

Kiɗan da suke yi, ska punk, gaurayen abu biyu ne, kuma tsohon cikinsu ba ɗan Amurka ba ne. A Jamaika aka haifi ska, wajen ƙarshen shekarun 1950, lokacin da makaɗan Kingston suka haɗa kiɗan gida na mento da salon baƙaƙen Amurka da suke kamawa a rediyo. Alamarsa tana cikin bugun jita, wadda ba ta sauka tare da ganga, sai a tsakanin bugu da bugu, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. A kan wannan sai kayan busa su hau, saksafon da turambon da kakakin Turawa. Duk mai son Bob Marley ya taɓa kusantar ska ko da bai sani ba, domin Simmer Down, waƙar da ta fara ɗaga ƙungiyarsa ta Wailers a Jamaika a farkon 1964, ska ce zalla. Sai daga baya aka rage wa kiɗan gudu ya zama rocksteady, sannan rege.

'Yan ci-ranin Jamaika suka kai shi Ingila. A 1979 Jerry Dammers ya kafa kamfanin faifai na 2 Tone a birnin Coventry, inda ƙungiyoyi irin su Specials da Selecter, baƙi da farare a dandamali ɗaya, suka zuba wa ska zafin punk. Matasan Amurka suka ɗauka daga nan suka ƙara masa wuta. Operation Ivy ta yankin Berkeley ba ta wuce shekara biyu a raye ba, daga 1987 zuwa 1989, amma faifanta ɗaya tak ya zama karatun duk wanda ya biyo baya.

A cikin waɗanda suka biyo bayan akwai Chris DeMakes mai jita da Vinnie Fiorello mai ganga, wanda kuma shi ne marubucin baitocin ƙungiyar. Roger Lima ya shigo da jitar bes da murya ta biyu, Buddy Schaub ya zo da turambon. Gainesville garin jami'a ne, cike da ɗalibai masu neman inda za su yi tsalle da daddare a kan kuɗi kaɗan, ga ƙaramin kamfanin faifai na No Idea, ga ƙananan gidajen kiɗa. A wannan yanayi suka yi Pezcore a 1995. Kamfanin Capitol ya ɗauke su, suka yi Losing Streak a 1996 da Hello Rockview a 1998. Waɗannan ukun su ne abin da masoya ke nufi in sun ce “sautin da”: waƙoƙi gajeru masu gudun tsiya, muryoyi biyu suna karɓa-karɓa, kayan busa a gaba suna jan ragama. Kiɗan na murna ne, amma baitocin na matashi ne da ƙaramin gari ya ishe shi, ba shi da kuɗin barinsa. Wannan saɓani tsakanin kiɗa da magana, a ganina, shi ne ainihin jarinsu.

Sun kuma zo a kan gaɓa. A 1997 gidajen rediyon Amurka sun cika da ska, ga Mighty Mighty Bosstones ga Reel Big Fish. Sai dai kasuwar ba ta daɗe tana ci ba. Kafin shekara ta 2000 rediyo ta juya baya, har busa a cikin waƙar rock ta zama abin da manyan kamfanoni ke gudu. Less Than Jake suka rabu da Capitol, suka fitar da Borders & Boundaries a 2000 a ƙarƙashin Fat Wreck Chords, kamfani mai zaman kansa. Daga nan suka sake shiga hannun manya, wato Sire na rukunin Warner, suka yi Anthem a 2003 tare da Rob Cavallo, furodusan Green Day. Faifan ya kai matsayi na 45 a jadawalin Billboard, kuma har yau ana son sa, duk da an fara jin busa tana ja da baya.

A 2006 ne abin ya kai maƙura. In with the Out Crowd ya fito sumul, an goge shi tas don kunnen rediyo. An rage gudu, an tura kayan busa can baya, a wasu waƙoƙin ma sai ka kasa kunne kafin ka ji su. An shigo da marubuta daga waje, har da Mark Hoppus na Blink-182, wanda ya sa hannu a The Rest of My Life. Tsoffin masoya suka yi tsaki, sababbin da aka yi dominsu kuma ba su zo da yawa ba, faifan ya tsaya a matsayi na 78.

Mutane da dama sun ɗora laifin a kan furodusa Howard Benson. Ban yarda ba. Shi ɗin ne dai ya yi musu Hello Rockview, faifan da masoyan suke rantsuwa da shi. Mutum ɗaya ne, ƙungiya ɗaya ce, abin da ya sauya a cikin shekara takwas shi ne wanda ake ƙoƙarin faranta wa rai. A 1998 rediyo na son busa, a 2006 ba ta so. Kuma ba daidai ba ne a wanke mawaƙan tas, domin su ma sun so babban fage, ba kuwa laifi ba ne mawaƙi ya so a ji shi. Kuskurensu shi ne sun ajiye abin da ya bambanta su da kowa, suka shiga layin da wasu suka fi su iya tsayuwa a ciki.

Yadda suka gyara ne ya fi burge ni. A watan Fabrairun 2007 suka shirya wasanni shida a Florida, kowane dare su ɗauki faifai ɗaya daga cikin nasu su kaɗa shi daga farko har ƙarshe. Sun maimaita haka a Landan a wannan shekarar. Ka duba abin da wannan ke buƙata: dole su zauna su sake koyon waƙoƙin da suka yi shekaru ba su taɓa ba, hannu ya tuna gudun da ya manta, masu busa su dawo gaban dandamali. Ba a tunanin sautin da a zaune, sai an kaɗa shi, kuma sun kaɗa shi a gaban mutanen da suka haddace kowane baiti. A cikin shekarar suka rabu da Warner, daga baya suka kafa kamfaninsu, Sleep It Off. Harkar ba baƙuwa ba ce a wurinsu, domin Fiorello na cikin mutum biyun da suka kafa Fueled by Ramen a 1996, kamfanin da ya fito da Fall Out Boy. Maimakon babban furodusa na Los Anjeles, suka nufi Chikago wajen Matt Allison, wanda aka sani da aiki da ƙungiyoyin punk irin su Alkaline Trio, mutumin da ke barin kaushin sauti yadda yake.

GNV FLA ya dawo da gudu, ya dawo da busa. Waƙar Does the Lion City Still Roar? ta buɗe da kayan busa a gaba, babu kunya babu ɓoyo, kuma Peter Wasilewski mai saksafon, wanda ya shigo a 2000, ya sami filin da faifan baya ya hana shi. Ba tare da babban kamfani a bayansu ba, faifan ya kai matsayi na 61, sama da wanda aka kashe wa kuɗi.

Amma wanda ya saurara da kyau zai ji cewa ba Losing Streak aka sake haifa ba. Muryoyin sun yi nauyi. Masu baitocin ba samari ba ne masu mafarkin barin gari, magidanta ne da suka zaga duniya suka dawo suka tarar da jiharsu ta sauya. Waƙar The State of Florida kuka ne a kan yadda gine-gine suka cinye ƙasar, kuma ta fito ne daidai lokacin da kasuwar gidaje ta rushe, Florida na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wata waƙar ta ɗauko sunanta daga Malachi Ritscher, mutumin da ya cinna wa kansa wuta a Chikago a 2006 don nuna adawa da yaƙin Iraƙi. Irin wannan nauyi babu shi a Pezcore. Wasu masoyan sun ji haushin hakan, sun so a mayar musu da ƙuruciyarsu dungurungum. Ni kuwa a nan nake ganin darajar faifan, don da sun kwaikwayi yaran da suka kasance a 1996, da sun sake yin abin da suka yi a 2006, wato rera abin da wani yake son ji.

Daga nan ba su sake komawa babban kamfani ba. See the Light na 2013 ya fito ta hannun Fat Wreck Chords, Roger Lima da kansa ya zama furodusa. A 2018 Fiorello ya sauka daga kan ganga bayan shekara 26, Matt Yonker ya gaje shi, kuma Silver Linings na 2020 shi ne faifan farko da suka yi ba tare da mutumin da ya rubuta musu baitoci tun ranar farko ba.