Jagorancin Hawan Bagzan: Daga Hannun Madugai Zuwa Hannun Direbobi

Yawancin tsofaffin jagororin da suka raya sana'ar kai baƙi yawon ƙafa a duwatsun Abzin, wato tsaunukan da ke arewacin Agadas a Jamhuriyar Nijar, sun ajiye sanda, kuma babban abin da ke ci musu rai shi ne yadda matasan da suka gaji aikin suke ɗaukarsa a matsayin tuƙin mota. Sana'ar ta samu tsari lokacin da Mano Dayak ya kafa kamfanin Temet Voyages a Agadas, amma ilimin da aka gina ta a kansa ya girme ta da ƙarnuka, domin da yawa daga jagororin farko sun taso ne a ayarin gishiri na Abzinawan Kel Ewey, suna bin madugu zuwa Fashi da Bilma, sannan su gangara kudu har Damagaram da Kano. A can suka koyi auna nisan zango da ƙarfin dabba, da sanin rijiyar da ba ta ƙafewa.

Dutsen Bagzan shi ne ma'aunin gwanintar jagora. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tages, ta kai mita 2,022, babu wuri mafi tsawo a Nijar, kuma a samansa akwai shimfiɗaɗɗen fili mai ƙauyuka da lambunan albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, waɗanda a wancan zamani ba a isa gare su sai a ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya ta cikin matsattsun kwazazzabai. Sai dai hawan ba shi ne wuyar aikin ba a idon magabata. Wuyar tana wajen sauka a gari. Jagora na ƙwarai ba ya kutsawa da baƙi tsakiyar gari. Yakan sauke kaya nesa kaɗan, ya gyara tagelmust, wato rawanin da Abzinawa ke rufe baki da hanci da shi don girmama manya, ya tafi shi kaɗai ya gai da mai gari, ya faɗi yawan mutanensa da kwanakin da za su yi. Bayan an sha shayi zagaye uku, an tambayi lafiyar iyali da dabbobi da ruwa, sai a nuna wa baƙi inda za su kwana da rijiyar da za su ɗiba, a kuma gargaɗe su kada su ɗaga na'urar hoto a gaban mata sai da izini. Wannan jira yakan cinye rabin yini, kuma shi ne ya sa baƙon da ya shiga ta wannan ƙofa yake cin tagella, gurasar da ake gasawa a ƙarƙashin toka da rairayi mai zafi, a matsayin baƙon gari baki ɗaya. Ko matafiyi Bajamushe Heinrich Barth, da ya ratsa Abzin a 1850, sai da ya zauna a Tintellust ƙarƙashin kariyar Annur, babban Kel Ewey, kafin ya samu hanyar Agadas.

Tawayen Abzinawa da ya ɓarke a 1990 ya tsayar da komai, kuma watanni kaɗan bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba. Aikin ya farfaɗo, har jirage suka riƙa kawo baƙi daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas, amma tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a 2010 suka sake durƙusar da shi. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, ƙwararru da dama suka nufi can neman abinci, kuma babu mai ganin laifinsu.

Asarar da ta fi zafi ita ce yankewar koyo, domin shekarun da ya kamata yaro ya yi yana jan jaki a bayan gwani sun wuce babu baƙo ko ɗaya. Matashin yau yana da mota mai ƙarfi da na'urar nuna hanya, yana iya kai mutum Timiya ya nuna masa lambunan lemo da rumman ya juyo da shi, ba tare da ya gai da dattijo ɗaya ba. Tsofaffin da suka san ladabin sauka suna nan da rai a Tabelot da Timiya da Iferwan, kuma wajibi ne masu shirya tafiye-tafiye a Agadas su ɗauke su aikin koyar da matasa, su biya su haƙƙinsu tun suna iya hawan dutse.