Daftarin Hisabin Kai: Tarihin Rubutun da Mutum Ke Yi Domin Ya San Kansa

1.0 Gabatarwa

Akwai wani irin rubutu wanda mai shi ba ya yin sa domin kowa ya karanta. Mutum ne zai keɓe da dare, ko a ƙarshen shekara, ko sa'ad da wata babbar shawara ta tsaya masa a rai, ya zuba abin da ya aikata da abin da ya ƙudurta a takarda, sa'an nan ya zauna ya dube shi kamar yadda alƙali ke duban shaida. Da yawa daga cikin masu karatun zamani suna ɗaukar wannan al'ada a kan ƙirƙirar masana halayyar ɗan Adam na Amurka ce, musamman tun da Ira Progoff ya fitar da littafinsa a kan hanyar rubuta irin wannan kundi a 1975. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa al'adar ta girmi wannan zamani da ƙarnoni masu yawa, kuma a ƙasashen Musulmi da na Turai duka an gina ta ne bisa fasalin littafin lissafin ɗan kasuwa. Za mu bi ta ta fuska uku, watau hisabin yini, da hisabin shekara, da auna shawara. Mun zaɓi mu kira irin wannan littafi daftarin hisabi, domin kalmomin biyu duka tsofaffin baƙi ne daga Larabci waɗanda suka daɗe da zama 'yan gida a Hausa.

2.0 Hisabin Yini: Daga Zuci Zuwa Takarda

Hisabin ya riga daftarin samuwa. Seneka, masanin falsafar Rum wanda ya mutu a shekara ta 65, ya faɗa a littafinsa na maganar fushi cewa kowane dare, idan an ɗauke fitila matarsa kuma ta yi shiru, yakan sake bin yininsa duka, magana da aiki, bai ɓoye wa kansa kome ba. Amma fa da zuci yake yi, bai ambaci alƙalami ba.

A duniyar Musulmi kuwa, wanda ya fara mayar da wannan aiki fanni mai ƙa'idoji shi ne Harisu ɗan Asad, haifaffen Basra wanda ya rasu a Bagadaza a 857, har yawan yi wa kai hisabi ya sa aka yi masa laƙabi da Muhasibi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗora a kan abin da Muhasibi ya kafa. A littafi na 38 daga cikin littattafai 40 na Ihya'u Ulumiddin, ya kwatanta hankali da ɗan kasuwa, rai kuma da abokin tarayyarsa wanda ba a amince masa ba. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuma hasara. Ya jera matakai 6: a gindaya wa rai sharaɗi da safe, a sa masa ido cikin yini, a yi lissafi da shi da dare, a hukunta shi in ya gaza, a matsa masa ga aiki, a kuma yi masa faɗa.

Abin da ya fi muhimmanci ga nazarinmu yana cikin littafi na gaba, na maganar tunani. A nan ne Gazali ya ce ya kamata almajirin wannan hanya ya mallaki takarda da zai jera munanan halaye 10, irin su rowa da girman kai da riya da hassada da son mulki, da kyawawa 10, irin su haƙuri da godiya da ikhlasi. Kullum ya gwada kansa da ita, in ya rabu da wani mugun hali ya ja masa layi, ya koma kan na gaba. Ke nan hisabi ya sauko daga zuci ya hau takarda.

Akwai kuma shaidar cewa an aikata hakan. Ibn Arabi, wanda aka haifa a Andalus a 1165 ya rasu a Dimashƙu a 1240, ya ba da labarin wasu shehunansa biyu na birnin Ishbiliya, Ibn Mujahid da Ibn Ƙassum, waɗanda kan rubuta duk abin da suka faɗa da abin da suka aikata cikin daftari. Bayan sallar lisha sai su keɓe su buɗe shi, abin da ya cancanci istigfari su yi masa istigfari, wanda ya cancanci godiya su gode, sa'an nan su kwanta. Shi kuwa ya ce ya ƙara a kan nasu, domin har saƙe-saƙen zuciyarsa yakan rubuta.

Fiye da shekara 600 bayan Gazali, a wata nahiya da wani addini, sai ga Benjamin Franklin na Amurka da kusan irin wannan takarda. Ya jera kyawawan halaye 13 a gefen shafi, ranakun mako 7 a sama, kowane dare ya ɗiga baƙin ɗigo a gurbin halin da ya saɓa wa. Kowane mako yakan fuskanci hali ɗaya, ya ƙare zagaye cikin mako 13, watau zagaye 4 a shekara. Da farko halaye 12 ya jera, sai wani abokinsa ya gaya masa mutane na ganin sa da girman kai, ya ƙara tawali'u. Kamannin takardun biyu yana da dalili a fili: duk wanda ya tashi cikin al'ummar da ke rubuta bashi da riba, in ya so ya kama ransa da laifi, dabarar da ta fi kusa da hannunsa ita ce ta mai kanti.

3.0 Hisabin Shekara

Ɗan kasuwa ba ya tsayawa ga lissafin yini, yana da lokacin rufe littafi. Haka ma mai hisabin kai. Ibn Rajab, malamin Hambaliyya da ya rasu a Dimashƙu a 1393, ya tsara littafinsa Laɗa'iful Ma'arif bisa watannin shekara tun daga Muharram, ya kuma keɓe babi ga yanayin bazara da zafi da sanyi, yana nuna abin da kowane lokaci ke nema daga mutum. Juyawar lokaci, a wurinsa, mai tuni ce cewa jarin yana raguwa.

Mutumin da ya bar mana cikakken misalin wannan a rubuce shi ne Samuel Johnson, mai ƙamusun Ingilishi, wanda ya rayu daga 1709 zuwa 1784. Yana da tashoshi a shekara da yakan tsaya ya yi wa kansa hisabi: ranar sabuwar shekara, da lokacin Ista, da ranar haihuwarsa 18 ga Satumba, da 28 ga Maris, ranar tunawa da matarsa wadda ta mutu a 1752. A kowace tasha yakan rubuta addu'a, ya duba abin da ya wuce, ya ɗauki alkawari. An buga abin da ya tsira daga cikin waɗannan takardu a 1785.

Mai karanta su zai ga abu guda yana ta dawowa shekara bayan shekara: zai riƙa tashi da wuri, zai bar kasala, zai tsara karatunsa, zai riƙa rubuta kundin yau da kullum. A ranar haihuwarsa ta 1764 ya rubuta cewa ya ɓata shekara 55 yana ƙudurta niyya, bai kuwa zartar da kome ba. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma takardun Johnson kamar sharhi ne ga wannan karin magana. Shi ma Franklin ya amsa cewa tsara al'amura ya gagare shi har tsufa, ko da yake ya ce ƙoƙarin ya mai da shi mutumin da ya fi wanda zai zama in bai yi ba. Darasin da ke nan shi ne daftari ba ya sauya hali da kansa. Aikinsa shi ne ya hana mutum yi wa kansa ƙarya, domin zuciya takan gyara labarin bara ya dace da bana, takarda kuwa ba ta san kara ba.

4.0 Auna Shawara

Fuska ta uku ita ce inda siffar ma'auni ta fi bayyana. A 1772 masanin kimiyya Joseph Priestley ya nemi shawarar Franklin a kan wani aiki da aka yi masa tayi. Franklin ya amsa cewa ba zai gaya masa abin da zai zaɓa ba, amma zai nuna masa yadda ake zaɓe. A raba takarda gida biyu, dalilan yi a gefe, na bari a gefe, a yi kwana 3 ko 4 ana ƙarawa duk lokacin da wani dalili ya faɗo. Sa'an nan a soke dalilan da nauyinsu ya yi daidai a ɓangarorin biyu, a ga inda rinjaye ya rage. Hujjarsa ita ce dalilan ba sa zuwa wa zuciya a lokaci guda, shi ya sa mutum ke ta kai da komowa, takarda ce ke tara su wuri ɗaya.

Charles Darwin ya yi irin wannan a 1838, yana da shekara 29, a kan maganar aure. A gefen aure ya sa 'ya'ya da abokiyar zama a tsufa, a gefen gwauranci ya sa 'yancin zuwa inda ya ga dama da kuɗin sayen littattafai da isasshen lokacin aiki. Duk da nauyin da ya ba wa asarar lokaci, ya yanke hukuncin yin aure, ya kuwa auri Emma Wedgwood a Janairun 1839. Ana iya cewa takardar ta tona masa abin da ransa ya riga ya karkata gare shi ne, wannan kuwa shi ne sanin kai da ake nema.

A ƙasar Hausa, inda Ihya ya daɗe cikin littattafan da malamai ke karantarwa, mafi shaharar shawarar da mai ita ya rubuta dalilanta da kansa ita ce ta Abdullahi ɗan Fodiyo. A wajen 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar hajji, saboda ya ga son duniya da mulki ya shiga zukatan da yawa daga cikin jama'a. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, daga bisani ya komo. A Tazyinul Waraƙat, wanda ya haɗa a 1813, ya jera waƙoƙinsa bisa lokutan da ya yi su, ya bayyana halin da yake ciki sa'ad da ya yi kowace. Littafin ba kundin yau da kullum ba ne, kuma don jama'a aka yi shi, amma aikin waiwaye da auna niyya da ke cikinsa na wannan gida ne.

5.0 Rubuta Abu Daban, Hisabi Daban

Ya kamata a rarrabe tsakanin daftarin hisabi da kundin da ke adana aukuwa kawai. Hamman Yaji, hakimin Madagali a ƙasar Adamawa, ya ajiye kundi daga 1912 zuwa 1927, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a 1995. A ciki akwai hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu, da adadin bayi da dabbobin da aka kamo, an jera su kamar yadda ake jera kayan fatauci. Wannan ma littafin lissafi ne, har ya fi na Franklin kama da na ɗan kasuwa, sai dai mai shi bai sa kansa a kan sikeli ba. Abin da ke mai da rubutu hisabi shi ne ma'aunin da ke wajen son zuciyar marubuci, ko shari'a ce kamar ta Gazali, ko jerin halaye kamar na Franklin.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa wanda ake yi wa lissafi ya sha sauyawa cikin tarihi. Shehunan Ishbiliya da Johnson Ubangiji suke fuskanta, Franklin da Darwin hankalinsu suke fuskanta. A zamanin nan kuma lafiya ake nema, tun daga gwajin James Pennebaker na 1986, inda ya sa ɗalibai rubuta abin da ke damunsu minti 15 a kullum har kwana 4. Fasalin dai bai sauya ba: a rubuta, a bari ya kwana, a dawo a auna. Saura aiki ga manazarta adabin Hausa, domin irin wannan rubutu shi ne mafi saurin salwanta, Johnson kansa ya ƙona takardunsa masu yawa kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa. Duk wanda ke bincike cikin gafakar malamai da akwatunan tsofaffin malaman makaranta, ya kamata ya dubi gefen shafi da bayan bango da idon basira, kada ya tsaya ga matanin littafi kaɗai.