Ƙwallon kwando: yadda ake auna ɗan tsakiya mai jifar maki uku

A ƙwallon kwando, ɗan tsakiya, wanda ake kira pivot da Faransanci, shi ne yawanci mafi tsawo a ƙungiya. A da, wurinsa gindin kwando ne: Shaquille O'Neal sau ɗaya kacal ya ci jifar maki uku a duk shekarunsa na gasar NBA ta Amurka. Yau ƙungiyoyi na zuba maƙudan kuɗi kan dogon da ya iya jifa daga nesa, kuma kuskuren auna shi na iya ɓata musu kakar wasa.

Layin maki uku

NBA ta shigo da layin a 1979, hukumar FIBA a 1984. Nisansa a NBA mita 7,24 ne daga kwando, a FIBA kuwa mita 6,75 tun 2010.

Me ya sa yake da amfani?

Idan ɗan tsakiya ya fita bayan layi, dole dogon da ke tsaronsa ya zaɓa. In ya bi shi, gindin kwando ya zama babu mai gadi, abokan wasa su kutsa. In ya tsaya, an bar mai jifa shi kaɗai. Wannan shi ne buɗe fili. Brook Lopez ya ci jifa uku kawai a kakarsa takwas na farko, sannan ya ci 134 a kakar 2016-2017. A Milwaukee, fitarsa waje ta buɗe wa Giannis Antetokounmpo hanya, suka ɗauki kofi a 2021.

Ma'aunai huɗu

Na farko, yawan shiga. Wanda ke cin kashi 35 cikin 100 yana kawo maki 105 a jifa 100, daidai da mai cin kashi 52,5 na jifar maki biyu.

Na biyu, yawan gwaji. Kashi 40 da gwaji ɗaya a wasa bai kai kashi 35 da gwaji shida ba, domin mai tsaro ba ya barin kwando saboda wanda ba ya yawan jifa. Gwaji kaɗan kuma na iya zama sa'a.

Na uku, halin masu tsaro. A duba bidiyo: suna rugawa kansa, ko suna ƙyale shi? Nan ake ganin ko filin ya buɗe da gaske.

Na huɗu, abin da aka rasa. Dogon da ke nesa ba ya kama ƙwallon da ta dawo daga kwando. In kuma ba ya tsare nasa kwandon, ribar ta tafi.

Ba hanya ɗaya ba ce

Karl-Anthony Towns ya lashe gasar jifar maki uku ta NBA a 2022. Bafaranshe Victor Wembanyama, da San Antonio ta zaɓa na farko a 2023, yana haɗa jifa da toshe ƙwallo. Amma ɗan ƙasarsu Rudy Gobert, wanda kusan ba ya jifa daga nesa, an ba shi kyautar gwarzon mai tsaro sau huɗu.

Dokoki ma suna da tasiri. A NBA, mai tsaro ba ya wuce daƙiƙa uku a gindin kwando ba tare da yana tsaron wani ba. FIBA ba ta da wannan doka, don haka a gasanninta, har da AfroBasket, dogon da ba ya tsoron jifar abokin karawarsa yana iya kafewa a gindin kwando.